Taka, Riƙe, Saki

Ranar Laraba da hantsi, cikin kaka, aka ƙulla cinikin a garejin Oddvar Nesheim da ke gindin dutse a Skorvik, kuma babu ko krona ɗaya a cikinsa. Torleif Aurdal ne ya shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa, bai tsaya ba sai da hancinta ya kusa taɓa bango, sannan ya leƙo ta taga.

"Oddvar, ɗan ƙara mini man birki in wuce. Ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa."

"Sau biyu? Jiya na ji ka a kwanar coci, huɗu na ƙirga."

"To kunnenka ya fara ƙarin gishiri. Tsufa ne, ka yi haƙuri da shi."

"Wa ya taɓa motar nan?"

Torleif ya ɗaga kai yana kallon rufin gareji kamar yau ya fara ganinsa. "Mesa ɗaya na canja. Mesa ce fa, ba tiyatar zuciya ba."

"Ka canja mesa, ka bar iska ta shiga, yanzu kana so in zuba mata mai ta ji daɗin zama. Ranar Asabar kuma ka ɗaura tirela, ka cika ta da tumaki, ka gangaro kwanonin dutsen nan goma sha ɗaya da matarka Magnhild a gefenka."

"Shekara hamsin da uku ina gangaro su."

"Je ka birni su gyara maka."

"Na buga musu waya. Sai mako mai zuwa. Rediyo kuwa ta ce daren Lahadi ƙanƙara za ta rufe saman dutse. Kana so tumakina su kwana a cikinta?"

Oddvar ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda hannun ke buƙata. Sannan ya ce, "Zan cire maka iskar yau, kuma ba zan karɓi komai ba. Amma da sharaɗi. In na gama, za ka ɗaura tirela da buhunan yashi a ciki, ka tsaya a gangaren bayan gareji, ka riƙe birki in ƙirga talatin. In ka riƙe, Allah ya kiyaye hanya. In ka kasa, makulli ya koma hannun Magnhild, ita za ta sauko da tumakin."

Torleif ya yi dariya har da tari. "Talatin kawai? Ƙirga ɗari, in ka iya ƙirga ɗari. Malamarmu ta sha wahala da kai a kan lissafi."

"Talatin ta isa."

Suka haɗa hannu. Ni ina gefe da kofin kofi. Na yi shekara arba'in ina dillancin tumaki da shanu a kwarin nan, saboda haka duk cinikin da aka yi a gabana ni ake sawa in raba hannu, kuma na raba. Amma jikina bai ba ni ba. Wanda ya ce zai yi maka aiki kyauta ya riga ya san abin da zai karɓa, kuma yawanci ya fi kuɗi tsada. Aka sa ƙarfe biyu na rana.

Zan dawo kan wannan Larabar. Yau shekara biyu ke nan da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar Asabar da ta wuce Oddvar ya rufe garejinsa bayan shekara arba'in da shida, gwiwoyinsa sun ce ba za su ƙara shiga rami ba. Aka kawo kek, aka sha kofi, wani ya so ya yi jawabi, Oddvar ya tuna akwai abin da ya manta a sito. To ga jawabin nan a takarda, inda ba zai iya guje masa ba.

Ƙarfe shida da rabi yake buɗewa, kafin jirgin fito na farko ya tashi. Ya ɗora kofi, ya bar ƙofar gareji a buɗe kamar tafin hannu, ko da sanyi na tsaga itace. Mutane suna zaton don hayaƙi ne. Don kunnensa ne. Duk motar da za ta kama jirgin sai ta gangaro kwana goma sha ɗayan nan ta wuce ta gabansa, shi kuwa yana tsaye da kofi yana saurare. Ya san mai saukowa da ƙaramar giya, ya san mai kwanciya a kan birki tun daga sama har ƙasa. Wani lokaci hancinsa ke riga kunnensa, don birkin da ya sha wuya yana da warinsa. In ka ga ya fito bakin titi ya ɗaga yatsa ɗaya, to ka tsaya, jirgi na gaba yana nan zuwa. Ƙarfe goma sha ɗaya yake cin burodinsa yanka biyu da jan cuku, a tsaye. Ban taɓa ganin ya zauna ya ci ba.

Yana gyara komai, daga tarakta har injin kwale-kwale, amma da birki aka san shi, kuma da doka ɗaya: ba ya cire wa mota iskar birki sai mai motar ya zauna da kansa ya taka. Akwai na'urar da mutum ɗaya ke yin aikin da ita, yana da ita, tana kan kanta a cikin kwalinta. Sai in mai mota na kwance asibiti yake sauko da ita. In ba haka ba, kai za ka zauna a kujerarka, shi ya shiga rami da sifana da kwalba da siririyar mesa mai nuna abin da ke cikinta. A bayan kowace taya akwai ɗan noti mai huji. Daga tayar da ta fi nisa da direba yake farawa. Sai ka ji muryarsa daga ƙasa: "Taka. Taka. Taka. Riƙe!" Ya kwance notin, mai ya fito da kumfa, birkin ya nutse a ƙarƙashin ƙafarka, kai kuwa ba za ka ɗaga ba har sai ya ɗaure ya ce, "Saki." In ka riga shi ɗagawa, abin da ya fita ya koma, aiki ya dawo sabo. Haka za ku yi ta yi, yana fitowa yana cika ɗan kofin mai da ke cikin bonet, har kumfar ta ƙare, man ya fito garau.

Ga yadda yake bayani, in ka tambaye shi a ranar da yake jin magana: "Man birki ɗan aike ne mai gaskiya, abin da ƙafarka ta faɗa shi yake kai wa taya. Iska kuwa ɗan aike ne mai cinye rabin saƙo a hanya." In ka ce to me ya sa sai kai za ka taka, sai ya ce, "Ni ba ni zan gangaro da ita ba. Ƙafarka ce ya kamata ta san yadda birki mai lafiya yake, don ranar da ya canja ta gaya maka tun kana sama."

Ba wanda ya tsira daga dokar nan. Limamin cocinmu ya taka da rigar ɗaurin aure a jikinsa, amarya na jira. Wani lauya daga birni, mai ɗakin hutu a saman dutse, ya ce shi yana biya ne don kada ya yi aiki. Oddvar ya nuna masa hanyar sama da sifana, ya ce, "To je ka biya dutsen." Lauyan ya tsaya ya kalli kwanonin da ke jere kan juna har cikin hazo, ya cire kwat ya shiga mota. Yau shi ne ke kawo abokansa.

Akwai kuma safiyar da ya tsaya a tsakiyar titi ya tare motar makaranta. Cikin hunturu ne, da duhu, yara ashirin da uku a ciki, ranar jarrabawa. Ya ce ya ji direban ya taka sau uku a inda kullum sau ɗaya yake takawa. Jirgi ya tafi ya bar su. Kafin azahar iyaye sun cika garejin, har da mai cewa za ta kai ƙara. Oddvar ya ɗauki sifana. Ya shiga rami, ya fito da bututun birkin baya, wanda gishirin da ake zuba wa titi saboda ƙanƙara ya cinye, ya miƙa wa matar nan, ya ce ta matsa. Ta matsa da yatsa biyu, ƙarfen ya marmashe kamar busasshen burodi. Ta zauna a kan taya. Yaran nan ashirin da uku yanzu wasunsu suna da 'ya'ya a motar makaranta.

Kai ne kunnen gindin dutse, Oddvar. Kai ne wanda ba a ganin aikinsa sai a abin da bai faru ba. Babu jaridar da ke buga labarin motar da ta sauko lafiya, kuma babu wanda ke gina wa mutum gunki saboda jana'izar da ba a yi ba. Shi ya sa har ka rufe ƙofa sunanka bai wuce bakin ruwa ba.

To, mu koma ranar Laraba.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya Oddvar ya gaya mini a jimla uku, shi ne tun bazara yake lura da Torleif. Ya ga hancin takalminsa na dama ya goge, na hagu kuwa lafiya lau. Ya ga in zai fito daga mota sai ya kama wandonsa a gwiwa ya taimaki ƙafar, yana yi kamar ƙura yake kakkaɓewa. Ya ji yadda yake shiga kwanar coci. Su biyun tun suna shekara bakwai suke benci ɗaya a makaranta, rana ɗaya aka yi musu bikin tabbatar da bangaskiya a coci. Mu nan ba ma gaya wa mutum a fuskarsa cewa ya gaza, kuma wanda ya zagaya ya kai maganar wurin likita ko 'yan sanda ya gama zama a kwarin nan. Oddvar ya yi wata huɗu yana juya abin a ransa. Da motar ta shigo da kanta, ya san in ya bari ta fita, ba za ta sake ba shi dama ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙarfe biyu Torleif ya dawo da Magnhild, matarsa, wadda ta zo da saƙarta da faranti na waina mai ɗumi, tana cewa ita dai an ce mata an sa ta a caca, ta zo ta ga ko nawa aka yi mata kuɗi. Oddvar ya ja ƙofar gareji ya rufe gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi haka da rana ba.

Ya shiga rami, ya sa mesa a notin tayar baya ta dama.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe, kurma."

Ya kwance. Mai ya fito baƙi kamar kofin jiya, kumfa na bin juna a cikin mesa. Ni ina tsugunne a bakin rami ina haska masa fitila, don haka na ga abin da ya gani. Kafin ya ɗaure, man da ke tafiya ya tsaya, ya yi rawa, ya koma baya.

"Ka saki."

"Ban saki ba."

"To. Mu sake."

Suka sake. Mai ya fita, ya tsaya, ya koma. Torleif ya ce takalmin roba ne ke sulɓi, ya cire shi ya jefar ta taga, ya taka da safa. A karo na uku abin bai canja ba. Sai ya ce kujera ce ta yi nisa, Magnhild ce ta ja ta baya.

"Ni?" in ji Magnhild, ba ta ɗaga kai daga saƙa ba. "Rabona da kujerar nan tun kana da gashi."

Oddvar bai yi dariya ba. Yana ƙasa yana kallon mesar, sifana a hannu. Da ma yana fatan ya yi kuskure. Da ma yana fatan Torleif ya riƙe, ya yi masa dariya har Kirsimeti, ya ba da labarin a kowane gida. Ya fito daga rami a hankali.

"Torleif, man nan tsada gare shi, kana ɓarnatar mini. Sauko ka ci waina. Magnhild, zo ki taka mana."

"Dokarka fa? Mai mota ke takawa."

"Rabin motar nata ne. Ko ba haka limami ya ce ba?"

Magnhild ta ajiye saƙa, ta ja kujera gaba, ta zauna kamar wadda ta tashi daga wurin jiya. Yaran yanzu ba su sani ba, amma kafin ta yi aure ita ke tuƙa motar madarar mahaifinta a kan wannan dutsen, lokacin ma ba a sa masa kwalta ba. Torleif ne ya karɓi sitiyari ranar da ya karɓe ta, bai sake mayarwa ba.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

Mai ya fita, ya tsaya cik a inda yake, ko gezau. Oddvar ya ɗaure. "Saki." Tayar baya ta dama, ta hagu, ta gaba ta dama, ta hagu. Kumfa ta yi ta fita har ta ƙare, man ya koma ruwan zuma. Cikin rabin awa Magnhild ta ce, "Yanzu kam kamar dutse nake takawa." Torleif yana tsaye da waina a hannu, bai ci ba.

A nan Oddvar ya so ya rage masa. Na ji shi da kunnena. Ya matsa kusa, ya yi ƙasa da murya. "Ba sai mun je gangare ba. Ka ce mata bayanka ke ciwo, ta tuƙa ranar Asabar. Babu wanda zai ji daga bakina."

"Ɗaura tirelar," in ji Torleif.

Gangaren bayan gareji gajere ne, amma a tsaye yake kamar kwana ta bakwai, kuma ba a ganinsa daga titi. Muka loda buhunan yashi daidai nauyin tumaki goma sha biyu. Torleif ya sa takalminsa, ya tayar da mota, ya kai ta tsakiyar gangaren da hancinta ƙasa, ya ja hambirki. Oddvar ya ɗauko guntun katako, ya ajiye shi a gaban tayar gaba, ya bar tsakani kamar faɗin hannu.

"Taka. Sauke hambirki. Ɗaya. Biyu. Uku."

Torleif yana kallon gaba, hannu biyu a sitiyari, yana murmushi. A goma ya ce, "Ka yi sauri mana, ina da aiki." A goma sha huɗu murmushin yana nan. A goma sha shida na ji tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashin taya. Motar ta fara rarrafe, a hankali, kamar saniyar da ta hango ciyawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskarsa ba ta canja ba. Bai sani ba. A ganinsa ƙafarsa tana nan daram inda ya sa ta. Magnhild ta rufe baki da hannu.

"Goma sha takwas. Goma sha tara."

Taya ta daki katako. Tirelar ta turo daga baya, motar ta girgiza. Sai a lokacin Torleif ya kalli ƙasa, ya kalli ƙafarsa kamar ta wani ce aka ba shi aro.

Ya ja hambirki, ya kashe mota. Ba ka jin komai sai ruwan da ke zubowa daga dutse.

"Ba ka cire iskar duka ba," in ji Torleif.

"Matarka ta hau ta gwada."

"Kai likita ne? Bakanike ne kai, Oddvar. Ɗan mai gyaran keke."

"Ni ba likita ba ne. Ka je wurinsa ranar Litinin, shi ya san sunan abin. Ni abin da na gani a mesa na gani."

"Tun safe ka san haka za a yi. Tarko ka haƙa mini, a gaban matata, a gaban wannan dillalin."

"E," in ji Oddvar. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Motar ta Torleif ce, da ya ga dama da ya juya makulli ya tafi, babu dokar da ta ba bakanike ikon hana shi. Ya juyo ya kalle ni, ko zan samo masa ƙofa, don ya san na sha samo wa mutane ƙofa a ciniki. Na ce masa, "Na raba hannu, Torleif." Ya daɗe a zaune. Sannan ya zare makullin, ya fito, wannan karon bai ɓoye kama wandonsa ba. Bai jefar ba, bai kuma miƙa ba. Ya ɗora shi a kan bonet, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Magnhild ta ɗauka. Da za ta shiga sai ta tsaya kusa da Oddvar, ta ce a hankali, "Tun bikin Ista nake barci da ido ɗaya."

Ranar Asabar duk kwarin ya hau gayyar tattaro tumaki, kamar kowace shekara, da karnuka da sanduna da kofi a jaka. Kafin rana ta yi tsaka an cika garken sama. Magnhild ta yi sawu shida. Duk wanda ke bakin hanya ya ji Torleif ta taga: "Giya biyu! Na ce giya biyu, mata! Kwana na zuwa!" Ita kuma tana amsawa, "Na san kwanar nan tun kana tura keke, ci burodinka." A sawu na huɗu, a kwana ta bakwai, wata tunkiyar maƙwabta da ta ɓace ta faɗo kan titi da 'ya'yanta biyu. Magnhild ta taka sau ɗaya, ta riƙe. Mota da tirela da tumaki goma sha biyu suka tsaya, saura taku uku a kai bakin da babu komai a bayansa sai iska da rufin coci can ƙasa. Mutum huɗu suka gani, biyu daga cikinsu ba sa ƙarya. Sun ce daga nan har gida ba a sake jin muryar Torleif ba.

Oddvar bai hau gayyar ba. Yana tsaye a ƙofar gareji tun safe, ya ƙirga sawu shida da kunnensa, sannan ya shiga ya ci burodinsa, ƙarfe huɗu na yamma. Daren Lahadi ƙanƙara ta rufe sama kamar yadda aka ce, tumakin Torleif suna cikin rumfa.

Likita ya ce jijiya ce ta danne a ƙashin baya, da an ƙara wata shida da ƙafar ta tafi gaba ɗaya. Aka yi aiki. Yanzu yana tafiya da sanda, yana hawa har garken sama da ƙafarsa, amma lasisi bai dawo ba. Gaisuwa ma ba ta dawo ba. In suka haɗu a kanti, Torleif sai ya tsaya karanta bayan gwangwanin kifi har Oddvar ya fita. Ranar da aka rufe garejin, Magnhild ta shigo da kek mafi girma a teburin. Shi yana waje a cikin mota, a kujerar gefe, gilashi a rufe. Oddvar ya yanka kek, ya sa a faranti, ya fita da kansa ya ɗora a kan bonet, ya dawo. Ban leƙa na ga ko an ci ba, ba huruminmu ba ne.

Kai ne ka koya wa kwarin nan cewa gyara ba ya ƙarewa a ƙarfe, Oddvar. Da ka zuba masa mai ranar nan ka karɓi kuɗinka, babu mai zarginka, ko da abin ya faru sai a ce ƙaddara ce da tsufa. Ka san haka sarai. Mun gode. Iyayen yara ashirin da uku sun gode, lauya ya gode, limami ya gode, masu yawon buɗe ido da ka tsayar birkinsu na hayaƙi, waɗanda ba su ma tambayi sunanka ba, na karɓa musu sun gode. Allah ya ba gwiwoyinka hutu, ya bar maka kunnenka.

Ku kuma masu tasowa, da na'urorinku da ke yin aikin mutum biyu, ban ce ku jefar da su ba. Amma in mota ta shigo, ku ɗaga kai ku kalli wanda ya fito daga cikinta. In kun ga abin da ba ku so ku gani ba, kada ku zuba mai a kansa ku ce sai an jima. Ku nemi hanyar da mutum zai gani da idonsa, ku rufe ƙofa kafin ku nuna masa, kuma in ya tambaye ku ko da gangan kuka yi, ku ce e.

Ni dillali ne, ba na tashi daga ciniki sai na faɗi wanda ya ci da wanda aka ci. Magnhild ta ci riba biyu, ta sami sitiyarinta kuma mijinta yana nan yana yi mata ihu a gefe. Torleif ya yi asarar makulli, ya tsira da ƙafa da wuya, kuma ko a wace kasuwa wannan riba ce, ko da mai ita bai yarda ba. Mutum ɗaya ne ya fita hannu rabbana. Oddvar Nesheim ya yi aikin kyauta da mansa, ya ɗora abotar shekara sittin da biyar a kai, ta tafi. Kuma tun kafin ya miƙa hannu a safiyar nan ya san farashin.